Hutu a ƙauyen Grasmere ba tare da mota ba

Malam, ka ce kana son kai iyali hutun mako guda a wani ƙauyen Ingila kusa da tafkuna, amma ba ka da mota. Zai yiwu. Ni Grasmere zan ce ka sauka.

Daga tashar Euston ta Landan ka hau jirgin ƙasa zuwa Oxenholme, ka canza zuwa Windermere, sannan bas mai lamba 555 ta kai ka ƙauyen. Ita ce kuma ke wucewa Keswick, inda kasuwa ke ci Alhamis da Asabar. Can za ka sayi cuku, zuma da kayan miya.

Ka kama gida mai ɗakin girki, domin naman halal na da wuyar samu a yankin. Mu daga Landan muka taho da namu.

Kar hasken rana ya yaudare ka. Ko a watan Yuli ruwan sama na saukowa ba sallama, ruwan tafkin kuma sanyi ƙarara, don haka kar yara su shiga ba babba a kusa. A watan Yuni magariba kan kai kusan ƙarfe 10 na dare, ka tsara barcinsu.

Batun biza kuwa, shafin gwamnatin Birtaniya za ka duba, ko ka nemi lauyan shige da fice mai rajista.