Asmar da ba ta jin magani, a duba garkuwar jiki

Ƴar'uwa, kin ce yaronki na shaƙar Ventoline amma ƙirjinsa bai daina kuka ba, kina tambaya ko garkuwar jikinsa ce ta yi rauni. Wallahi kamar labarin ɗiyata kike bayarwa.

Mu a Tahoua kowa cewa yake ƙurar hunturu ce. To damina ta zo, ba ƙura, yarinya na nan da kore-koren majina, kunne na ruwa, zazzaɓi ya tafi ya dawo. Akwai daren da leɓɓanta suka canza launi, na goya ta muka hau kabu-kabu zuwa likita, ina jin numfashinta a bayana yana tsinkewa. Majon da muka tarar ko kallonta bai yi ba, ya ce ni ce ba na ba ta magani daidai. A gaban mutane! Ni da nake kwana zaune, na sai da awakina saboda ordonans. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba.

Sai a Yamai wani likitan yara ya tambaya sau nawa ta yi limoniya. Ya ce sau 2 a shekara guda, ko ciwon kunne sau 4, ya isa a yi zargin raunin garkuwar jiki. Aka auna IgG, IgA da IgM a jininta, IgG ya yi ƙasa sosai. Su ne sojojin da ke kashe ƙwayoyin cuta. In sun yi ƙaranci, huhu ya yi ta kamuwa, hanyar iska ta kumbura, abin shaƙa kuwa buɗe hanya kawai yake yi.

Ki faɗa wa likitoci in yana shan kortizon, maganin rage kumburi, don shan sa da daɗewa shi ma yana rage IgG. Kada ki tsaida shi da kanki. Ki yarda a yi gwajin tarin fuka da na sida, ba abin kunya ba ne. Ki daina turaren wuta a ɗakinsa, ko uwar miji ta yi fushi.

Masu tsananin abin ana yi masu ƙarin immunoglobulin, wato sojojin nan na IgG, ta jijiya kowane sati 3 zuwa 4, da tsada ƙwarai. Kar ya bar abin shaƙarsa kafin sakamako ya fito. Shekarunsa nawa ma? Allah ya ba shi lafiya.