Hancina ya toshe wata biyar: in ƙara sayen maganin ɗigawa ko in je a cire belu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haya da babur a Marwa. Wata biyar ke nan hancina a toshe, maƙogwaro na yi mini ƙaiƙayi, kullum cikin gyaran murya nake. Maganin ɗigawa yakan buɗe mini hancin na ɗan lokaci, sai ya sake rufewa. Na sha amoxicillin, babu sauƙi. Kawuna ya ce belu ce, in je wurin wanzami. Kuɗina kaɗan ne, ina zan kai su?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Kuɗin nan ka kai su wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, wanda za ka ga an rubuta ORL a ƙofarsa. Fara tambaya a babban asibitin Marwa, in ba a dace ba a tura ka Garwa. Wata biyar kana sayen magani, amma har yau babu wanda ya haska fitila ya leƙa cikin hancin nan, kuma abin da ya fi damuna ke nan.

Duba kwalbar da kake ɗigawa. In ka ga an rubuta xylometazoline ko oxymetazoline, to na kwana 5 zuwa 7 ne kawai. Yana tsuke jijiyoyin jinin hanci ne. In aka zarce da shi, da zarar ya sake ka sai naman hancin ya kumbura fiye da da, ka koma ka ɗiga. Mai yiwuwa yanzu maganin ne da kansa ke toshe ka. Ka tafi da kwalbar ka nuna wa likita. In ka bar shi za ka sha wuya na ɗan kwanaki kafin hancin ya daidaita, sai ka daure.

Batun wanzami kuwa, don Allah ka lallashi kawu. Belu ba ta toshe hanci. Sau da yawa majina ce ke gangarowa ta baya tana ƙaiƙaya maƙogwaro, ga barci da baki buɗe yana busar da shi. Yankan na iya jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, toshewar kuma na nan.

Toshewar da ta haura mako 12 ta wuce mura. Tana iya zama rashin jituwa da ƙura, balle kai da ke yini a kan titi, ga hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Cadi tun Nuwamba har Maris. Tana iya zama kumburin ramukan da ke cikin ƙashin fuska kusa da hanci, ko tsiron nama, ko karkacewar guringuntsin tsakiyar hanci. Ƙwannafi ma na taɓa maƙogwaro. Yawancinsu amoxicillin ba ya yi musu komai. Ka gaya wa likita ko gefe ɗaya ne ya toshe, ko kana jin ƙanshi, ko da damina abin na lafawa.

Kafin nan ka sayi takunkumi da ruwan gishirin wanke hanci a farmasi, ka nisanci hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro. Amma in gefe ɗaya ne kuma da jini, ko murya ta dishe fiye da mako 3, ko ka ji ƙullutu a wuya, gobe ka tafi. Tari na fiye da mako 2 da rama kuma sai an gwada tarin fuka.