Shafin Atamfa da Ya Gagari Mai Saye

Wata Hajiya mai shago a Kantin Kwari ta aiko min da tambaya. Ta ba wani matashi aikin haɗa mata shafin sayar da atamfa da leshi a intanet. Aiki ya yi kyau a ido, hotuna na ta wulgawa, kiɗa na tashi da zarar an buɗe. Sai ɗan yayarta, wanda karatu ke ba shi wuya tun yana firamare, ya gwada saye ya kasa kaiwa wurin biya. Mai haɗa shafin ya ce gyara sai da ƙarin kuɗi. Tana so ta sani: ya dace ta kashe kuɗi saboda mutum ɗaya ko biyu?

Hajiya, lissafin naki ne ya yi ƙasa. Akwai mutane da yawa da ƙwaƙwalwarsu ke aiki ta wata hanya daban. Mai disleksiya haruffa ke cakuɗe masa, mai ADHD ɗan motsi kaɗan ke kwashe masa hankali, mai otizim kuma ƙara da walƙiya na iya takura shi har ya ajiye wayar. Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya na ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 na da ita. A nan gida ba kasafai ake gwaji ba, daƙiƙi kawai ake ce wa yaro, ya girma ya zama ɗan kasuwa da kuɗi a aljihu. Irin wannan ba zai kira ki ya yi ƙorafi ba. Rufe shafin zai yi, ya tura wa maƙwabciyarki saƙon murya a WhatsApp.

Batun ƙarin kuɗi kuwa, kada ki yi saurin amsa masa. Rabin gyaran ragi ne: a cire kiɗan, a tsayar da hotunan da ke yawo da kansu. Akwai ƙa'idar duniya ta haɗa shafi yadda kowa zai iya amfani da shi, mai suna WCAG, ta ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda bugunta na 2.2 ya fito a watan Oktoban 2023. Ta ce duk abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5 a ba mutum damar tsayar da shi, kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya saboda masu farfaɗiya, kuma kada a sa mutum sake rubuta bayanin da ya riga ya bayar. Wanda ya karɓi kuɗin haɗa shafi ya kamata ya san wannan tun farko, kamar yadda tela ba ya neman ƙari don riga ta shiga wuya.

Inda nake so ki sa ido sosai shi ne wurin biya, don nan ciniki ke mutuwa. Ki kwatanta mutum riƙe da waya, an nuna masa lambar asusu mai alƙaluma 10, ga agogo na ƙirga saura minti 2. Ya fita zuwa manhajar banki, ya manta alƙaluma uku na ƙarshe, ya dawo, shafin ya koma farko, atamfar da ya zaɓa ta ɓace. A sa masa maɓallin kwafe lambar. A bar kayan da ya zaɓa a kwandon saye na shafin har ya dawo. A rubuta farashi da waƙafi, 15,000 ba 15000 ba, tare da hoton turmin da ya zaɓa kafin ya danna. Idan ya yi kuskure a gaya masa da Hausa abin da zai gyara, ba jan rubutu kurum ba. Ni da kaina, idan na gaji da yamma, haka nake so a yi min.

Abin da zan yarda ki ƙara wa kuɗi shi ne fassarar shafin zuwa Hausa mai sauƙi da maɓallin tura saƙon murya, don wannan sabon aiki ne. Idan akwai cikon kuɗinsa a hannunki, ki riƙe tukuna. Ki kira ɗan yayar taki, ki ba shi waya ya sayi turmi ɗaya, ki zauna gefe ba tare da kin ce uffan ba. Duk inda yatsansa ya tsaya, ki rubuta, ki miƙa wa mai haɗa shafin takardar.