Wata takwas ba biko ba saki: me ake kiran wannan zama?

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, aurenmu shekara shida, 'ya'yanmu biyu. Bara maigidana ya ƙara aure. Wallahi ban ta da hankali ba, amma tun da amarya ta tare, ranar girkina ta zama suna kawai. Sai sha ɗayan dare zai shigo, ko murfin kwanon ba zai ɗaga ba. Ranar da na yi magana ya ce in na gaji ƙofa a buɗe take. Na kwashi yara na tafi gida.

Yau wata takwas ke nan. Bai zo biko ba, bai aiko da takarda ba. Baba ya ce ba zai mai da ni ba sai ya tako da ƙafarsa. Shi kuma ya faɗa wa yayansa cewa wadda ta fita da ƙafarta ta dawo da ƙafarta. Kayan ɗakina suna can, ni ina kwana a ɗakin ƙannena, akwatina na bayan ƙofa ko kwance shi ban gama yi ba. Mama ta ce kiki-kaka aka yi, a bar wa lokaci. Ƙawata ta ce gaba kura ce baya sayaki: in koma a raina ni, in nemi saki a ce na kashe aurena. Babban yarona kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu koma gida. Anti, ni matar aure ce ko bazawara?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yaye miki. Tambayarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai. Matuƙar bai sake ki ba, igiyarsa na kanki. Sai dai kalmar nan ta "ƙofa a buɗe take" a kai ta gaban malami, domin irin wannan lafazi ana tambayar mai shi abin da ya nufa.

Mama ta yi gaskiya, akwai kiki-kaka, amma tsakanin Baba da mijinki take. Su ne suka yi cirko-cirko kamar zakaru, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sauke kai. Kuma zaman bai dame su kamar yadda ya dame ki ba. Mijinki yana da mai dafa masa, Baba mutuncin gidansa yake karewa. Ke kaɗai ce kwanakinki ke tafiya, shi ya sa ban yarda a bar wa lokaci ba.

Halin da kike ciki yana da suna. A Suratun Nisa'i, aya ta 129, Allah ya hana mai mata fiye da ɗaya ya karkata gaba ɗaya ga guda, ya bar ɗayar kamar wadda aka rataye, ba ta da miji ba kuma a sake ta ba. Ki riƙe wannan kalma, ki faɗe ta a gaban manya. Wanda ya ji "kiki-kaka" zai ce a yi haƙuri. Wanda ya ji "an rataye ni" ya san akwai haƙƙi a wuyan wani.

Maganar ƙawarki kuwa, ba kura a gabanki. Aya ta 35 ta wannan sura ta ce in an ji tsoron ɓaraka a tura mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Kin ga ba sai Baba ya sauko ba, ba kuma sai shi ya tako ba. Ki samu kawunki ko baffanki wanda Baba ke jin nauyinsa, ya zauna da yayan mijin. Su sa rana takamaimai, ko mako biyu ko wata ɗaya, ya zaɓa: ya mai da ke da sharaɗin adalcin kwana, ko ya sawwaƙe miki.

In ranar ta wuce shiru, ofishin Hisbah na yin irin wannan sulhu, bayansa kuma akwai kotun Shari'a. Mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi ta ba alƙali ikon raba aure in cutarwa ta tabbata. Akwai kuma kul'i, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da lambun da ya ba ta sadaki a zamanin Annabi (SAW), aka raba su. Ba zan ɓoye miki ba, za a ta da maganar fitarki ba izini, don haka ki shirya faɗin abin da ya fitar da ke, da wanda ya shaida. Ci da sha da suturar yaran kuwa suna kansa ko a ina suke kwana, wannan tun yanzu a tambaye shi.

Kafin kawu ya tafi, ki yi istihara, ki faɗa masa a fili wanne kike so, komawa ko rabuwa, don kada a je a yanke miki abin da ba shi ne a ranki ba. Yaron kuma ki ce masa manya suna magana da Abbansa, kuma ki roƙi baffansa ya zo ya kai shi ya gaishe shi ranar Juma'a.