Muryar amsa kan jirgin janwe Hoga

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, wai me ya sa Amurkawa suka ajiye ɗan jirgin janwe a gidan tarihi alhali bai taɓa harba bindiga ba. To ai abin da kake nufi shi ne janwe ba jirgin yaƙi ba ne, ko? Saurara.

Hoga sunansa, lambarsa YT-146. A New York aka ƙera shi, aka sa shi a ruwa ranar 31 ga Disamba 1940, ya fara aiki a Mayun 1941 a Norfolk, sannan aka tura shi Pearl Harbor, tashar sojan ruwan Amurka a Hawaii. Tsawonsa ƙafa 100 ne kacal, farfela ɗaya. Injinan dizal biyu suna juya janareto, wutar ce ke juya farfelar, shi ya sa direba zai iya tura ƙaton jirgi a hankali a hankali ba fizga. Fizga ita ke tsinka igiya, igiya kuwa in ta tsinke tana iya kashe mutum a kan jirgi.

Ranar 7 ga Disamba 1941 da Japan ta kawo hari, shi ya taimaka aka janye jirgin gyara Vestal daga jikin babban jirgin yaƙi Arizona tana ci da wuta. Amma ni Nevada, wani babban jirgin yaƙin, nake so ku duba. Nevada ta taso za ta fita, an riga an fasa ta, ruwa na shiga, ga bama-bamai. Mashigar tashar nan ɗaya ce, siririya. In ta nutse a tsakiya, shi ke nan, an toshe kowa a ciki. A gaɓar Hospital Point, bakin mashigar, ta fara tsayawa, ruwa ya juya bayanta, sannan Hoga da wani janwe suka ciro ta suka tura ta tsallake, gefen Waipio, ta zauna a taɓo. Kuma yana turawa yana feshin ruwa da tiyo a kan wutar. Wannan ma lissafi ne, don ruwan da ka zuba wa jirgin da ya riga ya huje nauyi kake ƙara masa.

Awa 72 mutanen Hoga suna kashe gobara, a jiragen yaƙi Maryland, Tennessee, Arizona. Nimitz, babban kwamandan sojan ruwan Amurka a Pacific, da kansa ya yaba wa shugabansu, McManus, da mutanensa. Amma kullum manyan jirage ake zance, wanda ya hana mashiga toshewa ba a ko ambatonsa, abin nan yana ci mini rai wallahi.

A 1948 aka ba birnin Oakland aronsa, ya zama jirgin 'yan kwana-kwana sama da shekara 40, ya koma hannun sojan ruwa a 1994. Sai 2015 ya isa North Little Rock a jihar Arkansas. Can yake yanzu, Malam.