Zanen sanduna ko na da'ira ga amsoshin tambaya mai zaɓi biyar?

Tambayarka ita ce: ka tara amsoshi a kan tambaya mai zaɓi biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam", to wane zane za ka fitar a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma? Ka fitar da zanen sanduna, ka haɗa shi da teburin yawan amsoshi. Shiga Analyze, sai Descriptive Statistics, sai Frequencies, ka danna Charts, ka zaɓi Bar charts da Percentages. Amsoshin nan a jere suke hawa-hawa, kuma sanduna ne ke nuna jerin. A da'ira kuwa, yanki mai kashi 22 da mai kashi 26 kusan ɗaya suke a ido, balle idan an buga rahoton baƙi da fari.

Amma kafin ka danna OK, duba waɗanda suka tsallake tambayar. Idan ka ba su lamba 99 ba ka rubuta ta a ƙarƙashin Missing a Variable View ba, manhajar za ta ɗauke ta a matsayin amsa ta shida, ta tsayar mata da sandarta, kason sauran duk ya ragu. Bayan ka gyara, kason da ke ƙarƙashin Valid Percent a teburin za ka kwafa cikin rahoto, domin na ƙarƙashin Percent yana lissafi har da waɗanda ba su amsa ba. A ƙasan teburin kuma ka rubuta mutum nawa ne suka amsa.