Na rubuta ma ɗiyana mata gidan da nake ciki, ya halatta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Katsina, shekarata 58, matata ɗaya da ɗiya uku duk mata, biyu suna ɗakin mazansu ƙaramar tana jami'a. Iyayena sun rasu, ina da ƙanne maza biyu da mace ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gaskiya tun rabon gadon mahaifinmu ba mu jituwa da babban cikinsu. Tsorona in na faɗi yau su zo su ce a saida gidan da muke ciki a Ƙofar Ƙaura su bar mani iyali a titi. Na je wurin lauya ya ce zai rubuta takardar kyauta cewa na ba ɗiyana gidan, mu sa hannu gaban shaidu a buga hatimi, ni kuma in ci gaba da zamana ciki har ƙarshen raina. Ban da gidan ina da shaguna biyu da fili a hanyar Dutsin-ma. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara nisan kwana. Duk tambayarka a wuri ɗaya ta tsaya, inda ka ce zaka ci gaba da zamanka ciki har ƙarshen ranka. Da babu wannan da na ce maka kyauta ce, mutum mai lafiya da hankali yana da ikon kyauta da dukiyarshi. To amma kyautar da sai ka mutu zata fita daga hannunka sunanta wasiyya ko da lauya ya rubuta kyauta da manyan baƙaƙe a samanta, kuma babu wasiyya ga magaji, wannan ko ɗalibin Islamiyya ya sani.

Na san abin da za a ce maka, don akwai malaman wannan zamani da suke ganin rajista da sa hannu sun isar, wai tunda an canza suna a takardar fili to kamar an miƙa ne, karɓa a hannu ba dole bane. Ban tafi a kan wannan ba, musamman a irin taka. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da ita sai an yi hauzi, wato wanda aka ba ya karɓe abin ya shiga hannunshi tun mai bayarwa yana raye da lafiyarshi, in ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali ba a karɓa ba kyauta ta ɓaci ta koma cikin gado. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha dabino wusƙi 20 (wusƙi babban ma'auni ne na amfanin gona) daga gonarshi, bata je ta yanka ba har ajali ya zo mashi, ya ce mata da kin yanke kin kwashe da naki ne, amma yau dukiyar magada ce. Shin akwai takardar da ta kai maganar Abubakar tabbaci? Babu wanda ya yi shakkar ya bayar, duk da haka rashin karɓa ya rushe ta. Kaga kenan ba hujjar bayarwa ake nema ba, so ake abin ya bar hannunka da gaske ka ji zafin rabuwa da shi. Sayyidina Umar ma ya yi faɗa a kan masu ba ɗiyansu kyauta su riƙe, in ɗan ya riga su mutuwa su ce ai kayana ne ban ba kowa ba, in su suka riga shi a ce ai an daɗe da ba shi. Ka faɗa wa kanka gaskiya Alhaji, in gobe kasuwa ta juya maka baya kana buƙatar saida gidan nan, zaka tsaya neman izinin yaran ko zaka ce gidana ne? Amsarka ita ce hukuncin. Har uban da ya ba ƙaramin ɗanshi kyauta, wanda riƙon uban yake isar mashi, malamanmu sun cire gidan da uban yake zaune ciki, sun ce sai ya tashi ya bar shi, balle naka da duk sun girma.

Lauya zai iya ce maka takarda tana tsayawa a kotu, kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya, a 1971 Kotun Ƙoli a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta tabbatar da wasiyyar wani Musulmi da aka rubuta bisa dokar Ingila ta 1837 duk da ta saɓa ma rabon Musulunci, daga baya ne wasu jihohi suka gyara dokarsu. Amma hukuncin alƙali baya halatta haram, ka ci nasara kana kabari ɗiyanka suna kwana a haƙƙin baffanninsu, wace riba kenan.

Yanzu zauna mu yi lissafi don ina ganin tsoronka ya fi abin girma. A ƙaddara duk abin da ka bari bayan likkafani da bashi naira miliyan 24 ne. Maiɗakinka tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, miliyan 3. Ɗiyanka uku suna da biyu bisa uku, miliyan 16. Saura 5 kacal, ita ƙannenka zasu raba, maza biyu-biyu mace ɗaya. Wato 19 cikin 24 yana cikin gidanka tun asali, kuma kana da shaguna da fili da zasu iya ɗauke wannan biyar ɗin, a yi ƙima a sallame su daga can gidan ya zauna ma iyali, ana yin haka kullum a gaban alƙali in an samu fahimta. Fahimtar ce baka da ita, kuma ita ya kamata ka kashe ma kuɗi da lokaci, ka taka ka je gidan ƙanen nan naka tun kana tafiya da ƙafarka, kai ne babba, gobe yana iya zama shi ne waliyyin auren autarka. Kar kuma ka tara ƙannen naka ka ce su sa hannu sun yafe rabonsu, yafiyar da aka yi kana da lafiya bata ɗaure su, basu mallaka ba balle su yafe.

In kyauta kake so ta gaskiya ga shago nan, ka ba ɗiyanka ukun daidai wa daida, ka kai su wurin ɗan haya ka ce daga yau su zaka riƙa ba kuɗi, kuɗin ya riƙa shiga asusunsu ba naka ba, sannan lauya ya rubuta, a nan takardarshi take da amfani sosai. Niyyarka ta zama taimakon yaran, ba hana wani abin da Allah ya ba shi ba. Wannan tsarin amintattu da lauyoyi suke tallatawa, wato a damƙa dukiya ga wani ya riƙe ma yara amana, da waƙafi, duk sharaɗin ɗaya ne, sai abin ya bar hannunka.

Abin da baka tambaya ba amma ya fi damuna: maiɗakinka. Mata da yawa sun saida zinarinsu ko sun kwashi adashi sun zuba a ginin miji, ya mutu babu ko layi ɗaya a rubuce, a raba da guminta a ciki tana kallo. In Hajiya ta sa ko buhun siminti goma ne ka rubuta yau da shaidu biyu. Ka rubuta bashin da ake binka da wanda kake bi, har na 'yan kasuwa da ake yi da baki. Sunan da ka cika a banki na wanda za a tuntuɓa in ka rasu shima baya mayar da mutum magaji, banki sai ya ga takardar kotu kafin ya saki kuɗi, kuma kuɗin na duka magada ne. Sulusinka, wato ɗaya bisa uku na dukiyarka, yana nan in kana son wasiyya ga wanda ba magaji ba.

Takardar can kar ka sa mata hannu. In ka riga ka sa, ka koma wurin lauyan a warware ta tun yaran basu ɗauka gidan nasu bane. Allah ne mafi sani.